Ƙwayoyin bitamin na ido: wa suke yi wa amfani, wa kuma ke shan su a banza?

Wani kawuna da ya haura saba'in ya taɓa miƙo mini wata farar kwalba, ya ce in karanta masa abin da ke jikinta. Ɗansa ne ya sayo masa da ya ji yana yawan ƙorafin ganinsa ya yi hazo. A gaban kwalbar an zana ido tangararan, a bayanta kuma an jera sunayen sinadarai da ƙananan haruffan da ni kaina sai da na matsa kusa da taga kafin na karanta. Wata huɗu ke nan yana sha, safe da yamma, bai taɓa tsallake rana ba.

Na ce, "Kawu, ka ga wani canji kuwa?"

Ya ce, "To, ɗan nan, ba zan ce babu ba, ba kuma zan ce akwai ba. Hazon dai yana nan."

"Likitan ido ya duba ka?"

"A'a. Ai ga maganin nan ina sha."

Da aka lallaɓa shi aka kai shi asibiti, sai aka tarar yana ce ta rufe masa ido. Aiki aka yi masa, aka cire madubin idon da ya dushe aka sa na roba, cikin 'yan kwanaki ya koma karanta saƙonnin wayarsa da kansa. Ko da ya shekara goma yana haɗiyar ƙwayoyin nan, da ba su ɗage yanar ba ko da ƙiris. An bar jaki ana ta dukan taiki.

Abin da ke ruɗa mutane shi ne, raunin gani na tsufa ba cuta ɗaya ba ce. Akwai wanda daga shekara arba'in da 'yan kai sai ya miƙa takarda nesa kafin ya karanta, wannan tabarau ne maganinsa. Akwai yana. Akwai hawan jinin ido, wanda ke cin gani daga gefe a ɓoye ba tare da ciwo ba. Akwai ɓarnar da ciwon suga ke yi wa jijiyoyin jinin ido. A ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya, cikin mutum aƙalla biliyan ɗaya da raunin ganinsu abu ne da za a iya hanawa ko gyarawa, yana ta kama miliyan 94, hawan jinin ido miliyan 7.7, cutar da ƙwayoyin nan ke taɓawa kuwa, wato lalacewar tsakiyar gani ta tsufa, miliyan 8. Duk wannan jerin, cuta ɗaya tak aka tabbatar ƙwayoyin bitamin na ido suna yi wa wani abu, ita ma ba a kowane matakinta ba.

A can ƙuryar ido akwai wani siririn tantani da ake kira retina, shi ke karɓar haske ya aika saƙo ƙwaƙwalwa. A tsakiyarsa akwai ɗan wuri mai ruwan ɗorawa, faɗinsa kamar milimita biyar da rabi, sunansa makula. Da ɗan wurin nan ake karatu, da shi ake zura zare a allura, da shi ake gane fuskar mai tahowa. Sauran tantanin aikinsa ganin gefe. Idan makula ta lalace saboda shekaru, cutar da likitoci ke taƙaita sunanta da AMD, mutum ba ya faɗawa duhu baki ɗaya. Zai ga zagayen agogon bango amma bai ga hannayensa ba. Baƙo zai shigo, ya ga kafaɗunsa da launin rigarsa, inda fuska take kuma sai wani dishi-dishi. Yana iya yawo cikin gida ba tare da ya yi tuntuɓe ba, har wasu su ɗauka raki yake yi idan ya ce ba ya gani. Wani ƙiyasi da aka wallafa a 2014 ya nuna masu cutar a duniya za su kai miliyan 196 a 2020, su kuma kai miliyan 288 a 2040, amma mafi yawansu a matakin farko suke, ba su ma san suna da ita ba.

Matakan nan su ne ginshiƙin maganar gaba ɗaya. Cutar tana farawa da wasu ɗige-ɗige masu ruwan ɗorawa, tarkacen kitse da furotin da ke taruwa a ƙarƙashin retina, ana kiran su durusen. Idan ƙanana ne ko 'yan madaidaita kaɗan, matakin farko ke nan, mai su ba ya jin komai. Idan suka yi girma, ko madaidaitan suka yi yawa, an shiga mataki na tsakiya, a nan ma sau da yawa gani lafiya lau yake. Mataki na ƙarshe iri biyu ne. Akwai busasshe, inda ƙwayoyin halittar makula ke mutuwa sannu a hankali, tabon yana faɗaɗa shekara bayan shekara. Akwai kuma jiƙaƙƙe, inda wasu raunanan jijiyoyin jini ke tsirowa a ƙarƙashin makula suna yoyon ruwa da jini. Wannan na biyun ba ya jira, cikin makonni yana iya cinye tsakiyar gani.

Me ya kawo bitamin cikin zancen? Retina na daga cikin sassan jiki mafi cin iskar oksijin, ga haske yana dukanta kullum, haɗuwar biyun kuwa tana haifar da wata ɓarna mai kama da tsatsar ƙarfe. Sai masana suka yi tunanin ko sinadaran da ke hana irin wannan tsatsa za su kare makula. A 1988 wani ƙaramin gwaji na mutum 151 ya nuna alamar sinadarin zink yana rage asarar gani. Kafin a ce kwabo kasuwa ta cika da ƙwayoyin ido, alhali hujjar ba ta taka kara ta karya ba. Wannan ne ya sa Cibiyar Ido ta Ƙasa ta Amurka ta shirya babban binciken da ake kira AREDS, wanda ya fara ɗaukar mutane a 1992. An ɗauki mutum 4,757 masu shekara 55 zuwa 80 a cibiyoyi 11, aka bi su sama da shekara shida, aka fitar da sakamako a watan Oktoba na 2001.

Haɗin da aka gwada shi ne bitamin C miligiram 500, bitamin E IU 400 (IU wani awo ne na bitamin), beta-karotin miligiram 15, zink miligiram 80, da sinadarin jan ƙarfe miligiram 2 a kowace rana. An raba masu alamar cutar gida huɗu ta hanyar ƙuri'a: wasu suna shan ƙwayar da babu komai a cikinta, wasu bitamin kawai, wasu zink kawai, wasu duka biyun, kuma ba majinyaci ba likitansa, babu wanda ya san abin da ke cikin ƙwayar.

A nan ne ya kamata mu ɗan zauna, domin daga nan aka samo adadin da ake ta yaɗawa, wai ƙwayoyin suna rage haɗari da kashi 25 cikin 100. Adadin gaskiya ne, amma ga yadda yake a ƙasa. Ɗauki mutum 100 masu cutar a mataki na tsakiya, ko waɗanda ido ɗaya ya riga ya kai mataki na ƙarshe. Idan ƙwayar wofi suka sha, kimanin 28 za su kai mataki na ƙarshe cikin shekara biyar. Idan cikakken haɗin suka sha, kimanin 20 ne za su kai. Mutum takwas ke nan suka kuɓuta. Ashirin sun sha shekara biyar cur amma cutar ta cim musu, sauran saba'in da 'yan kai kuwa da ma ba za ta cim musu ba a cikin waɗannan shekaru, sun sha ko ba su sha ba. Babu kuma yadda mutum zai san a wane rukuni yake.

Ni a ganina takwas cikin ɗari ba abin rainawa ba ne. Idan ana maganar iya karatu da gane fuskar jikoki, da ni ne aka ce ina mataki na tsakiya, da na sha ba tare da wani dogon tunani ba. Amma a lura da abin da aka auna. Ba a ce ganin wani ya ƙaru ba. Ba a ce tabon da ya riga ya fito ya goge ba. Birki ne, yana rage gudun gangarowa, ba ya mayar da mota saman tudu. Shi ya sa tambayar da na yi wa kawu, ko ya ga canji, ko ga wanda ƙwayar ta dace da shi ba tambaya ce mai kyau ba. Wanda take yi wa aiki ba zai ji komai ba, ribarsa ita ce abin da bai same shi ba.

Waɗanda ke matakin farko fa? Cikinsu kashi 1.3 cikin 100 kacal suka kai mataki na ƙarshe a shekara biyar, kuma ƙwayoyin ba su hana cutar tashi daga farko zuwa tsakiya ba. Waɗanda ba su da cutar sam, nazarin ƙungiyar masana ta Cochrane da ya tattara manyan gwaje-gwaje bai ga alamar bitamin E ko beta-karotin suna hana ta farawa ba. Yana kuwa, an auna ta a cikin AREDS ɗin kansa, ba a ga wani tasiri ba. Saboda haka mai shekara hamsin da ya ce mahaifiyarsa ta yi cutar, bari ya fara sha tun da wuri, tsoronsa yana da tushe, domin gado yana taka rawa sosai a cutar nan, amma abin da tsoron ya kamata ya kai shi shi ne gaban likita.

Sai labarin beta-karotin, wanda duk mai cewa bitamin ai ba ya cutarwa ya kamata ya ji. Jiki yana mayar da beta-karotin bitamin A, kuma sanannen abu ne cewa rashin bitamin A yana kawo dundumi, har ya makantar da yara. Daga nan mutane suka ɗauka duk abin da ya shafi bitamin A alheri ne ga ido da jiki, ko nawa aka sha. Ana tsakiyar AREDS sai labari ya zo daga Finlan a 1994: an gwada beta-karotin a kan maza 29,133 masu shan taba da fatan zai kare su daga kansar huhu, sai ga shi kansar ta ƙaru da kashi 18 cikin 100 a cikin waɗanda suka sha. Wani gwajin a Amurka, na mashaya taba da ma'aikatan da suka shaƙi ƙurar asbestos, sai dakatar da shi aka yi a 1996 kafin wa'adinsa, bayan an ga ƙarin kashi 28 cikin 100. An yi gudun gara an faɗa gidan zago. Ga kuma inda abin ya ƙulle: shan taba shi ne babban abin da ke jawo AMD cikin abubuwan da mutum ke da iko a kansu, yana ninka haɗarin aƙalla sau biyu. Wato waɗanda suka fi buƙatar ƙwayar su ne beta-karotin ɗin cikinta ya fi yi wa barazana.

Wannan na daga cikin dalilan bincike na biyu, AREDS2, wanda aka fara a 2006 da mutum 4,203 masu shekara 50 zuwa 85, aka fitar da sakamakonsa a 2013 ƙarƙashin jagorancin Dakta Emily Chew. An so a ga ko za a iya cire beta-karotin, ko za a iya rage zink zuwa miligiram 25, ko kuma ƙarin wasu sinadarai zai inganta haɗin. Sinadaran su ne man kifi na omega-3, da lutin miligiram 10 da ziyazantin miligiram 2, waɗanda a jikin kwalba za ka ga an rubuta su lutein da zeaxanthin. Waɗannan biyun ba baƙi ba ne a ido, su ne suke bai wa makula launin ɗorawarta.

Masu talla ba su cika faɗin babban sakamakon ba: ƙara omega-3 bai ƙara komai ba, ƙara lutin da ziyazantin a kan tsohon haɗin ma bai nuna ƙarin amfani a babban ma'aunin binciken ba. Sai da aka shiga ƙananan rukunai aka ga cewa musanya beta-karotin da lutin da ziyazantin ya ɗan fi, kuma waɗanda abincinsu ya fi ƙarancin sinadaran biyu su suka fi amfana. Abin da ya fito fili ƙarara shi ne batun huhu. Duk da ba a bai wa masu shan taba a lokacin beta-karotin ba, kansar huhu ta kama kashi 2 cikin 100 na waɗanda suka sha shi, kashi 0.9 na waɗanda ba su sha ba, kuma kusan dukansu tsofaffin mashaya taba ne da suka daina. Da aka ci gaba da bin mutanen har shekara goma, rahoton 2022 ya tabbatar da hakan: beta-karotin ya kusa ninka haɗarin kansar huhu, lutin da ziyazantin ba su ƙara shi ba, kuma sun ci gaba da rage wa cutar gudu. Shi ya sa haɗin da ake ba da shawararsa yau babu beta-karotin a ciki. Kawun nan nawa ya sha taba kusan shekara talatin kafin ya tuba, kuma a jerin da na karanta masa a bakin taga, beta-karotin ne na uku.

Ko sabon haɗin ba alewa ba ne. Zink miligiram 80 ninki biyu ne na miligiram 40 da hukumomin Amurka suka sa a matsayin iyakar abin da baligi zai sha a rana, abin da jiki ke buƙata kuwa 8 ne ga mace, 11 ga namiji. Yawan zink yana hana hanji tsotsar jan ƙarfe, rashinsa kuma yana kawo ƙarancin jini, wannan ne kaɗai dalilin sa jan ƙarfe a haɗin, ba don ido ba. A binciken farko masu shan zink sun fi kwanciya asibiti saboda matsalolin mafitsara da hanyar fitsari. Yana kuma tayar da zuciya idan ciki babu komai, yana rage ƙarfin wasu magungunan kashe ƙwayoyin cuta idan aka haɗa su lokaci ɗaya. AREDS2 bai ga wani bambanci a fili tsakanin miligiram 25 da 80 ba, amma cibiyar ta ci gaba da 80 saboda shi aka gwada da ƙwayar wofi. Bitamin E IU 400 shi ma sai an yi hattara ga mai shan maganin tsinka jini irin su warfarin. Wani babban gwaji na maza sama da 35,000 ya ba da rahoto a 2011 cewa wannan adadin ya ƙara kansar furostet da kashi 17 cikin 100, ko da yake ba a ga haka a cikin mutanen AREDS ba. Duk waɗannan haɗurra ƙanana ne ga wanda ke neman tsira da tsakiyar ganinsa. Ga wanda makularsa lafiya lau take, ɗaukar su yake yi ba tare da an biya shi komai ba.

Akwai kuma wani abu da ba a cika ambata ba. Kimanin kashi 96 cikin 100 na mutanen da aka yi binciken biyu a kansu fararen fata ne, kuma mataki na ƙarshe na cutar ya fi yawa a tsakanin masu tushen Turai. Ga baƙar fata, hawan jinin ido ne ya fi saurin zuwa, ya kuma fi tsanani, kuma babu ƙwayar bitamin da ke sauke shi.

Kasuwar kuwa sai dai a yi shiru. A Amurka, inda aka haifi haɗin, dokar 1994 ta ware irin waɗannan ƙwayoyi daga sahun magunguna, ba sai hukumar kula da abinci da magunguna, FDA, ta gamsu suna aiki ba kafin a sayar. Kamfani ba zai rubuta cewa suna warkar da cuta ba, amma zai iya rubuta cewa suna tallafa wa lafiyar ido, mai saye kuwa bambancin kalmomin nan biyu ba ya gabansa. Wani nazari da mujallar Ophthalmology ta buga a 2015 ya duba samfuri 11 daga cikin waɗanda aka fi saye, huɗu kawai suka yi daidai da adadin da aka gwada. Wasu sun rage awo, wasu sun cusa ƙarin saiwoyi da sinadaran da ba su cikin binciken. Ƙwayar bitamin ta yau da kullum, irin mai komai da ruwanka, ita ma ba ta maye gurbi, awonta ya yi ƙasa ƙwarai. Wanda likita ya ce ya sha, hoton idon da ke gaban kwalba ba shi zai duba ba, ya juya bayanta ya ƙirga abu shida: C 500, E 400, lutin 10, ziyazantin 2, zink 80, jan ƙarfe 2, ya kuma duba ko adadin na ƙwaya ɗaya ne ko na biyu.

Wani ɗan albishir ya zo a 2024, da masu bincike na cibiyar suka koma kan tsofaffin hotunan idon mutanen AREDS da AREDS2, suka ga alamar ƙwayoyin suna rage saurin da busasshen tabo ke yi zuwa ainihin cibiyar makula. Sake duba tsohon bayani ne, ba sabon gwaji ba, don haka nauyinsa bai kai na sakamakon 2001 ba.

To ta yaya mutum zai san matakin da yake? Madubi ba zai nuna masa ba, karanta haruffan allon bango ma ba zai nuna ba, domin mai manyan durusen yana iya karanta layin ƙarshe tsaf. Sai an buɗe ƙwayar ido. Za a ɗiga maka wani ruwa mai ɗan raɗaɗi, ka zauna minti ashirin zuwa talatin, baƙin idonka ya buɗe wangalau, rubutun wayarka ya watse. Sai ka ɗora haɓa a kan na'ura, likita ya haska wata fitila mai kashe ido yana cewa kalli kunnena, kalli sama, kalli ƙasa. Wani lokaci a ƙara da hoton OCT, wanda ke nuna retina falle-falle kamar an yanka ta a tsaye. Idan ka fito hasken rana zai dame ka na 'yan sa'o'i, kada ka ce za ka tuƙa mota. A wannan zama ɗaya za a ga durusen idan akwai, a ga yana, a auna hawan jinin ido, a ga ko suga ya fara taɓa jijiyoyi.

Wanda aka ce yana mataki na tsakiya, ban da ƙwaya da barin taba, akwai wata 'yar takarda da za a ba shi, mai layuka a tsaye da a kwance kamar takardar lissafi, da ɗigo baƙi a tsakiya. Wani likitan ido ɗan Suwizalan, Marc Amsler, shi ya fito da ita a shekarun 1940. Za ka sa tabaran karatunka, ka riƙe ta daidai inda kake riƙe littafi, ka rufe ido ɗaya da tafin hannu, ka kafa ɗayan a kan ɗigon, sannan ka sauya. Rufe ido ɗayan nan wajibi ne, domin lafiyayyen ido yana rufa wa ɗan'uwansa asiri, mutum ya yi watanni bai san ɗaya ya tafi ba. Idan layukan suka fara lanƙwasa kamar ana kallonsu ta cikin ruwa, ko wani yanki ya ɓace, ko ka lura gefen ƙofar ɗakinka da ka sani a miƙe ya karkace, wataƙila jiƙaƙƙen nau'in ne ya fara yoyo. A nan ƙara yawan ƙwaya ba zai yi komai ba. Tun 2006, da aka amince da maganin ranibizumab a Amurka, ana tsayar da yoyon da allurar da ake yi a cikin ido bayan an kashe zafin wurin, daga baya aflibercept ya biyo a 2011, kuma mafi yawan waɗanda aka fara yi wa da wuri suna riƙe ganinsu, wasu har ya ɗan dawo. Idan aka bari jinin ya daskare ya zama tabo, allurar ba ta goge shi. Wanda ya ga layi ya karkace ranar Litinin, kada ya jira ranar da aka rubuta masa ta wata uku masu zuwa, a cikin makon nan ya kamata likitan ido ya gan shi.